Riga Ma Kayan Aiki Ce

A ƙarshen Satumbar bara, saura mako guda in fara koyon aikin koyarwa a wata koleji da ke cikin garin nan, na shiga Kasuwar Dole da jika 30 a aljihu, kuɗin da na daɗe ina tsimi daga bursi. Na yanki shadda mita 4, ba gezna ba ce, amma mai jiki ce wadda ba ta zuba, na biya jika 22. Sauran jika 8 na miƙa wa tela. Ran da na karɓo ɗinkin na rataye shi a ƙusa, na zauna ina kallonsa, sai na ji zuciyata ta yi nauyi. Na shiga lissafin tiyar hatsi nawa kuɗin nan zai auno wa gidanmu a ƙauye, da littattafan ƙannena, da maganin hawan jinin mahaifina. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Da na ba abokan karatu labari, sai na tarar ciwon na kowa ne. Wani ya ce ya ɓoye sabon takalminsa wata biyu don kada ƴan'uwa su gani. Wata ta ce idan aka tambaye ta kuɗin atamfarta takan rage rabi. Tun da mu masu nazarin harshe ne, na ga ya dace mu binciki wannan damuwa ta hanyar kalmomin da muke furta ta da su. Ra'ayina shi ne, yawancin nauyin da muke ji ya samo asali daga yadda muka kasa tufafi kashi-kashi a bakinmu, kuma ma'aikacin da ya sayi tufa mai ƙarko daidai ƙarfinsa bai yi laifin da zai hana shi barci ba.

Mu fara da kalmar kaya. Muna da kayan salla, kayan lefe, kayan fitar suna, kayan ado. Duk waɗannan tufafi ne masu kyau, kuma kowannensu an ɗaure shi da biki. Amma da zarar an ce kayan aiki, hankalin Bahaushe ba ya zuwa kan riga. Hauyar manomi yake gani, da uwar maƙera da zugazugin maƙeri, da basillar baduku, da keken tela. Idan kuwa aka matsa aka ce tufafin aiki, to tsummokaran gona ne ke faɗo masa, rigar da ta gama yayinta aka sauke ta zuwa fagen wahala. Wannan rabo ya dace da rayuwar da ta haife shi: mai noma da mai jima da mai gini ba su da dalilin sa sabuwar riga su shiga turɓaya. Sai dai yau akwai dubban mutane da aikinsu shi ne tsayawa gaban jama'a: malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, mai fassara a kotu, mai gabatar da shiri a talabijin. Harshe bai ware wa rigarsu gurbi ba tukuna. Idan mai kyau ce sai a jefa ta cikin kayan ado, mai ita kuma ya ɗauki kansa a matsayin wanda ke yin salla kullum alhali danginsa na azumi.

Sai aikatau ɗin da muke haɗawa da kuɗi. Muna cewa an kashe kuɗi, an ɓatar da su, abu ya ci kuɗi. Kowace daga cikinsu tana nuna tafiyar da babu dawowa. Amma ɗan kasuwa ba ya cewa ya kashe kuɗi a kan hajarsa, cewa yake ya zuba jari, ko ya sa kuɗi. Ɗan kabu-kabun da ya sayi sabuwar taya ba wanda ke zarginsa da almubazzaranci, domin kowa ya san da ita zai nemo na cefane. Abin tambaya a nan, wace aikatau ce ta cancanci rigar malamin da zai tsaya gaban yara 70 daga safe har azahar, kwana 5 a mako?

Akwai kalma ta uku da ta fi waɗannan zurfi, wato sutura. Mun aro ta daga Larabci, daga saiwar da ke nufin rufewa. Da ita muke kiran tufafi, da ita muke cewa an suturta gawa, ita ce kuma ƴar'uwar rufin asiri, abin da kowane magidanci ke roƙo a addu'arsa. Kalmar ba ta ɗauke da ƙanshin alfahari ko kaɗan. Tana nuna cewa kakanninmu sun ɗauki tufa a matsayin katangar mutunci, kamar yadda danga take ga gida. Ba a cewa wanda ya gyara dangar gidansa ya yi ɓarna.

Tarihin ƙasar nan ma yana da abin cewa. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, garin nan zango ne babba a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Agadas har zuwa Tarabulus, kuma tufafi na cikin manyan hajojin da ayari ke ɗauka. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa ta nan a ƙarshen 1852, ya ba da labarin yadda saƙar Kano da rininta ke kaiwa har Gat da Murzuk da Tumbutu. A Barno, wadda Damagaram ta daɗe tana kai wa gaisuwa, ƙyallen saƙi da ake kira gabaga kuɗi ne da ake saye da sayarwa da shi. Babbar riga a wancan zamani dukiya ce: ana ba da ita kyauta, ana jinginar da ita, ana gadonta. Har gobe ba a naɗa sarauta sai da rawani, kuma dogarin fada da rigarsa ake gane shi tun daga nesa. Ashe dai haɗa tufa da muƙami ba Nasara ne ya kawo mana shi ba. Abin da ya sauya shi ne darajar tufar kanta. Tun bayan da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, gwanjo da yadi mai araha suka zama madogarar talaka. Mun saba da rigar da ba ta shekara, har mai shekara uku ta koma abin jin kunya.

To, mu ajiye kalmomi mu ɗauki alƙalami. Shekarar karatu tana farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni. Idan na sa rigata sau 2 a mako, cikin shekara 3 na sa ta wajen sau 200. A raba jika 30 gida 200, kowace fita ta tashi a kan dala 30. Na taɓa ɗinka yadin jika 8 har da kuɗin tela. Ƙurar hunturu da garin alli da gumin bazara suka sa sai an wanke shi duk sawa, kafin wata 3 ya koɗe, wuyan ya saki, aljihun ya ɓarke. Bai fi sau 25 na sa shi ba, wato kowace fita dala 64. Mai arahar ta ninka mai tsadar kuɗi. A garin da wani lokaci sai an sayi ruwan wanki wajen ƴan ga-ruwa, tufar da ke jure wanki da guga ba ƙaramar riba ba ce. Da ma Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ƙara da cewa sau da yawa ba ta ma tattali.

Sai dai ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba, akwai hujjoji masu ƙarfi a ɗaya gefen. Na farko, wannan lissafi na wanda ya iya tara jika 30 a dunƙule ne. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi bisa doka yake jika 42 a wata, mutane da yawa sun san mai ƙarko ta fi, amma abin da ke hannunsu yau bai kai ba, sai su yi ta sayen mai araha suna asara. Talauci kansa tsada gare shi. Na biyu, yunwar da na tuna a daren nan ba mafarki ba ce. Duk wanda ya fito daga karkarar Mirya ko Magarya ko Tanut ya san yadda rumbu ke yin ƙasa tun kafin sabon gero ya nuna, ya kuma san cewa ɗan da ya kai jami'a idon gida duka a kansa yake. Na uku, zuciya gwanar kawo uzuri ce. Abu ne mai sauƙi mutum ya ce don aiki ya sayi gezna ƴar Ostiriya, alhali gasa yake da abokin ofis.

Saboda haka ban ce a kashe wannan jin nauyi ba. Shi ne shaidar cewa karatu bai raba mu da mutanenmu ba, kuma ranar da muka daina jin sa mun yi hasara. Abin da nake cewa shi ne a yi masa tambayoyi kafin a yi masa biyayya. Shin kuɗin nan haƙƙin wani ne na danne, kamar abincin iyali ko bashin da lokacinsa ya yi? Shin rance na ci don in saya? Shin ƙarko na bi ko suna? Shin zan sa ta har ta tsufa, ko adaka za ta cinye ta? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ya fita, to ya kwanta ya yi barcinsa. Wanda ya faɗi a ɗaya, to nauyin da yake ji gaskiya yake gaya masa. Addinin da yawancinmu ke bi ma a nan ya tsaya: aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu ciyarwa tsaka-tsaki, ba ɓarna ba ƙwauro, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud ya bayyana cewa son kyakkyawar tufa da takalmi ba shi ne girman kai ba, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Wani abin da ya kamata mu duba shi ne inda muke ajiye jin nauyin namu. Ban taɓa jin wanda ya kasa barci saboda anko ba. Sau nawa a shekara ake yanka mana atamfa ko yadi na bikin aboki, mu biya ba musu, mu sa yini ɗaya mu jefa a akwati? Ba ma jin zafin wannan domin jama'a ce ta umarta, kuma kunyar jama'a ta fi ƙarfinmu. Amma rigar da za ta yi mana hidima shekara 3, da yake mu muka zaɓa wa kanmu, ita ce ke zama laifi. Wanda ya bar anko biyu ya wuce ya sami kuɗin rigar aiki. Wanda bai iya tarawa shi kaɗai, ga adashi nan, dabarar da iyayenmu mata suka daɗe suna sayen kwanoni da awaki da ita. Ƴan aji 6 da ke zuba jika 5 a wata, cikin wata 6 kowa ya ɗinka tasa.

Mata abokan karatunmu nasu nauyin ya ninka namu. Namiji in ya yi shiga mai kyau a ce ya samu, mace kuwa sai a shiga tambayar ina ta samu. Wannan tambaya ƙazafi ce da aka naɗe cikin alamar tambaya, kuma mu da muke karanta yadda ake aikata abu da magana mun fi kowa sanin haka. Ya kamata mu fara daina ta a tsakaninmu.

Ga malamanmu kuma ina da roƙo. Duk abin da na faɗa hujja ce ga mai saye ya daina zargin kansa, ba lasisi ba ne na auna ɗalibi da rigarsa. A cikinmu akwai mai riga ɗaya tal, yana wanke ta da dare ya sa da safe, kuma sau da yawa shi ne kan gaba a jarrabawa. Idan za a tura mu koyon aiki, a gaya mana tun da wuri irin shigar da ake bukata, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma nuna mana cewa tsabta da dacewa ake nema, ba tsada ba.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo na je gida, na sa rigar ran Juma'a. Na zauna gaban mahaifiyata ina ta kewaye-kewaye, daga bisani na faɗa mata kuɗin, ina jiran faɗa. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana. Ta kama gefen hannun rigar ta murza tsakanin yatsunta, irin murzar wadda ta yi kaɗi da ƙuruciya, ta ce, "Kai wannan, ashe ka iya zaɓe. Wannan za ta kai ka."

Na ce, "Inna, da hatsi na auno muku da kuɗin."

Ta ce, "Hatsin da tuni mun cinye. Ran da babanka ya sayi garma, a gidan nan ba wanda ya ce ya yi ɓarna. Kai gonarka ajin nan ne. Ka dai riƙa tunawa da mu in an fara biyanka."

Yau rigar ta shiga shekara ta biyu, launinta bai gushe ba, maɓalli ɗaya kawai na sake. Sharaɗin da Inna ta gindaya kuwa yana nan a wuyana, kuma shi ne nauyin da ya cancanci in ɗauka. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon sauke shi.