Wasan Kwaikwayon da Ba Ya Jiran Baki: Ina Gurbinsa a Nazarinmu?

A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ƙungiyar Magnet Theatre, wadda Jennie Reznek da Mark Fleishman suka kafa a 1987, tana da wani wasa na ƙananan yara mai suna Tree/Boom/Umthi, wato "bishiya" da harsuna uku na wannan yanki. Magana a cikinsa kaɗan ce. Jikin 'yan wasa da muryoyinsu ne ke nuna yadda iri ke tsira har ya zama itace, da yadda yanayi ke juya shi. Irin wannan aiki ya daɗe da kafuwa a Turai. Ƙungiyar La Baracca ta Bolonya a Italiya ta soma yi wa 'yan ƙasa da shekara uku wasa tun shekarun 1980, a daidai lokacin da wasu 'yan wasa a Faransa suka raɗa wa sarrafa tarkacen gida a dandali sunan "wasan kayayyaki".

Tambayata ga manazarta ita ce: da a ce wani ya shirya irin wannan wasa a Zariya ko Damagaram, da wane ma'auni za mu auna shi? Mun saba da jigo da zubi da tsari da salon sarrafa harshe, kuma dukkansu rubutaccen zance suke nema. Ɗalibin da ya kawo wasan da babu tattaunawa a ciki, ina kyautata zaton za a ce masa babu abin nazarta. Wannan giɓi namu ne, ba na wasan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda adabinmu na yara ke ɗaukar ƙananan halittu. Gizo na tatsuniya mutum ne da aka sanya wa rigar ƙwaro. Wayonsa muke koya wa yaro, ba yadda gizo-gizo ke ɗaura zaren farko na saƙarsa ba. Ba laifi ba ne, amma rabin aiki ne. Yaron da ya tsuguna yana kallon zanzaro na ɗauko laka yana ginin ɗaki, ko jerin tururuwa na jan ƙwayar gero, nazari yake yi, kuma mu manya ne ke katse shi da tsawa. Alhali Bahaushen da ya kira wani ƙwaro malam-buɗe-littafi, ai motsin fiffike ya ƙura wa ido kafin ya raɗa sunan. Hannu biyu sun isa su nuna wannan a dandali, ɗan shekara biyu kuma ya gane.

Za a ce baƙon abu ne. Ban yarda ba gaba ɗaya. Yarinyar da ta goya 'yar tsana, da yaron da ya ƙera mota da karan dawa, da masu tashe da ke mai da tsumma da auduga gemun tsoho, duk sun san yadda ake hura wa abu rai. Baƙon ɓangaren ɗaya ne: babba ya zauna ya tsara wasa domin wanda bai iya magana ba tukuna, ba tare da ya cusa masa wa'azi a ƙarshe ba. A nan ne za mu sha wuya, domin mun saba tambayar darasin da ke cikin kowane wasa.

Sassan Hausa suna da ɗaliban wasan kwaikwayo, makarantun renon yara kuma suna kewaye da jami'o'inmu. Faifai da ƙwarya da busasshen ganyen kuka ba sa bukatar kasafin kuɗi. Abin da ya rage shi ne kwamitin duba kundi ya amince da hoton bidiyo da bayanin motsi a matsayin matanin nazari.