Harafin Q da yaranmu: wasan kalmomi ba ɓata lokaci ba ne



Ranar Asabar da ta wuce na tarar da yara huɗu a barandar ofishin ƙungiya sun kewaye allon Scrabble, wasan nan da ake jera haruffa a haɗa kalmomin Turanci. Wani dattijo daga cikinmu ya riga ni isowa, yana ta faɗa, wai an turo su karatu sun zauna caca. Na ba shi haƙuri, na jawo kujera na zauna ina kallo. Abin da na gani ne ya sa ni wannan rubutu, kuma ra'ayina ne ni kaɗai, ba matsayar shugabanni ba.

Ga wanda bai san wasan ba, haruffa 100 ake zubawa a jaka, kowane ɗan wasa ya ɗebi 7, kuma kowane harafi da makinsa. Q ɗaya ne tak a jakar, makinsa 10, babu wanda ya kai shi sai Z. Matsalarsa ita ce yawancin kalmomin Turanci da suka fara da shi sai U ya biyo baya, kamar QUEEN da QUICK da QUIET, ga shi U huɗu ne kawai a jakar. Wanda aka tashi wasa da Q a hannunsa, maki 10 ɗin nan za a cire masa.

Haka ta faru da ɗaya daga cikin yaran, ɗan aji biyu a babbar sakandare. Ya riƙe Q yana jiran U har wasa ya ƙare. Da na leƙa, sai na ga akwai A da D a hannunsa, ga kuma I a sarari a kan allo. Na ce masa, "Yarona, wa ke yanke hukunci a kotu?" Ya ce, "Alƙali, Baba." Na jera masa QADI, maki 14. Bai yarda ba sai da muka duba ƙamus ɗin wasan a waya.

QADI da alƙali kalma ɗaya ce, daga Larabci Hausa da Turanci duk suka aro ta. Mu muka haɗa da "al" ɗin farko, muka mai da ƙaf ɗin Larabci ƙ, su kuma suka rubuta shi da Q. Haka QIBLA, maki 16, alƙiblar da yaro ke fuskanta sau biyar a rana. Haka QASIDA, ita ma 16, ƙasidar da ya saba ji. Duk suna cikin ƙamus ɗin Collins, wanda ake gasa da shi a Najeriya da yawancin ƙasashen duniya. Akwai wasu gajeru: QAT, ganyen da ake taunawa a Yaman da Somaliya, da QAID, wato shugaba, da QI, wadda ta fito daga Sinanci. Abin mamaki, babu Q a baƙaƙen bokon Hausa, amma kalmomin da 'yan wasa ke wahalar haddacewa a ƙarƙashinsa, wasunsu a bakin yaranmu suke tun suna goye.

Kada kuma mu raina wasan. A shekarar 2015 ɗan Najeriya daga jihar Delta, Wellington Jighere, ya ci gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostireliya, inda ya doke Lewis Mackay ɗan Ingila a wasan ƙarshe. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambu. Ƙasarmu na da hukumar wasan, ana kuma buga shi a makarantu da dama a nan Kudu, makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa. Yaran maƙwabtanmu na shiga, namu na tsaye a bakin taga.

Yanzu bari in koma kan maganar dattijonmu, don ba a banza ya yi ta ba. Mun ga abin da shagunan caca suka yi wa samarinmu, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a Scrabble ba a zuba kuɗi. Sa'a tana wajen ɗibar haruffa, sauran duk sani ne da lissafi. Yaro zai haɗa maki, ya ninka biyu ko uku, ya yi tunani kafin ya ajiye harafi. Idan wani ya shigo da kuɗi ciki, laifinsa ne, kuma shi ya sa nake son a riƙa wasan a gabanmu.

Akwai wani ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi. Haddace jerin kalmomi ba shi ne iya Turanci ba. Akwai gwanayen wasan da ke ajiye kalmar da ba su san ma'anarta ba, kuma QASIDA ba za ta ba yaro kiredit a WAEC ba. Na yarda. Mu kuwa kiredit ɗin Turancin nan muke nema, tunda in babu shi ƙofar jami'a a rufe take. Ga kuma ciwon da ba mu cika faɗa ba: da yawa cikin yaran da aka haifa a nan sun fi sakewa da broka da harshen gari, Hausarsu ta gaisuwa ce, Turancinsu na jarrabawa bai nuna ba.

Don haka ga dokar da nake ba da shawara. Duk kalmar da yaro ya ajiye, sai ya faɗi ma'anarta da Hausa, sannan ya sa ta a jimla ɗaya ta Turanci. In ya kasa, babu maki. Wanda ya ajiye QUIET ya ce shiru, wanda ya ajiye QUEEN ya ce sarauniya. Kowane mako a ɗauki harafi ɗaya, kowa ya zo da kalmomi goma da suka fara da shi, a rubuce a littafi da fassararsu. Da haka wasa ɗaya zai yi wa harsuna biyu aiki.

Abin da zan gabatar a taron wata shi ne ƙungiya ta sayi allo uku daga asusunta, a riƙa buɗe ofis ranar Asabar bayan La'asar, da babba ɗaya mai sa ido. A ware wa 'yan mata nasu allon da wata uwa da za ta zauna da su, kada a bar su a baya. Gidan da babu allo ma ba a rasa ba: takarda da biro sun isa a kira harafi, kowa ya rubuta suna da dabba da gari da wani abu da suka fara da shi.

Iyaye, ku zo taron da ra'ayinku, ko na goyon baya ko na suka. Dattijonmu ya ce zai zo ya gani da idonsa, na kuma yi masa alkawarin kujerar gaba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa mu dace.

Sakataren ƙungiya