Ruwan Mahaƙa Ruwan Rijiya Ne

Akwai wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a tsakanin masu tsara harkar masana'antu, wanda ke ɗauka cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya ƙarewa, kuma wanda ke tsattsafowa cikin ramin haƙar ma'adinai cikas ne kawai da za a zuƙe a zubar. Wannan ra'ayi kuskure ne mai haɗari, kuma masarautar Gumel, inda ake zawarcin masu jari zuwa yankin ciniki maras shinge na Maigatari, ita ce ta fi cancanta ta yi watsi da shi, domin daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar babu kogin da ke gudana rani da damina, rayuwar mutum da ta dabba ta rataya ne a kan rijiya da burtsatse.

Hujja tana maƙwabta, a Nijar. A Akokan, kusa da Arlit cikin jihar Agadas, kamfanin COMINAK, wanda Faransawa suka riƙe kaso mafi tsoka a cikinsa, ya haƙi yuraniyom a zurfin kimanin mita 250, daga 1978 har zuwa rufe mahaƙar a ranar 31 ga Maris 2021. Kafin a kai ga ma'adinin sai da ramukan suka ratsa Tarat, wato wata shimfiɗar dutse mai yashi wadda ke riƙe da ruwa a 'yan ƙofofinta, ruwan da ya taru tun dubban shekaru lokacin da Sahara ke samun damina, wanda ɗan yayyafin da ke sauka a yanzu ba ya iya mayar da gurbinsa. Tunda ba a aiki a rami mai ruwa, dole injuna su yi ta zuƙa dare da rana, kuma duk inda aka yi haka sai matakin ruwan ya lotsa kamar mazurari, ya fi zurfi a bakin mahaƙar, yana faɗaɗa har ya taɓa rijiyoyin da ke nesa.

Rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010, tare da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa, ya ƙiyasta cewa mahaƙun yuraniyom biyu na yankin Arlit, ciki har da ta COMINAK, sun sha ruwa lita biliyan 270 cikin shekara 40, ya kuma ce huɗu daga samfuran ruwa biyar da aka auna sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Masu mahaƙun sun musanta, amma abin takaicin shi ne jama'ar garin ba su da ma'aunin kansu da za su raba gardama.

Mai musu zai ce ai babu mahaƙa a Maigatari. Gaskiya ne, sai dai ƙasa ba ta bambanta injin mahaƙa da na masana'anta ko na babbar gonar rake, kuma idan ruwa ya ja baya ba mai jari ne ke fara ji a jikinsa ba, tunda yana da kuɗin ƙara zurfin burtsatsensa. Wanda ke fara ji shi ne makiyayin da ke ƙulla wa igiyar guga ƙari a tsakiyar bazara, da matar da ɗan garuwa ya ƙara wa kuɗin jarka, da fataken da ke neman inda za su shayar da shanu da raƙuma ranar kasuwar Alhamis.

Dabarun kiyayewa sanannu ne, kuma ba su fi ƙarfin kamfanin da ya zo da niyyar alheri ba: ana ɗura siminti cikin tsagogin dutse don rage shigar ruwa, ana tace wanda aka zuƙo a sake aiki da shi ko a mayar da shi ƙasa, ana kuma tona rijiyoyin sa-ido, wato ƙananan burtsatse waɗanda aikinsu kawai auna hawa da saukar ruwa da tsabtarsa. Wajibi ne gwamnatin Jigawa ta sa a yi awon farko kafin injin kowane kamfani ya tashi, ta ƙayyade litar da zai ja a rana cikin takardar izininsa, sannan a riƙa miƙa sakamakon awon ga ƙananan hukumomi da hakimai da masu unguwanni, cikin Hausa.