Sharhi: Waken Samaru da haƙƙin mai saye



Wanda ya karya da ƙosai yau a unguwar London ta nan Libreville, ko ya auno wake a kasuwar Mont-Bouët, da wuya ya iya faɗin gonar da waken ya fito. Gabon ƙasar kurmi ce, mafi yawan abincinta daga waje ake shigo da shi. Shi ya sa aikin da masana suka yi a Samaru ta Zariya ya shafe mu, ko da muna zaune a bakin teku.

A watan Disambar 2019 Najeriya ta fitar wa manoma wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta amince da noman waken da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR, a Jami'ar Ahmadu Bello, ita ta yi aikin ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, tare da gidauniyar AATF ta Nairobi da masanan Ostireliya. An ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, wadda ake kira Bt, aka dasa ta a jikin wake, sai waken ya riƙa yin sinadarin da ke kashe tsutsar Maruca da kansa.

Duk wanda ya taɓa noman wake ya san wannan tsutsa, ko bai san sunanta na boko ba. Ka shiga gona da sassafe, wake ya yi fure gwanin sha'awa, ka sa farce ka buɗe fure ɗaya, sai ga ta kwance a ciki, fara mai ɗigo-ɗigon baƙi, ta ɗinke kwanso da ganye da yanarta. In ta yi ƙamari takan cinye kashi 80 cikin ɗari na amfanin. Maganinta feshi, sau shida zuwa takwas kafin a yi roro. Wa ke feshin? Galibi yaro ne matashi, tanki goye a baya, silifa a ƙafa, ba takunkumi ba safar hannu, ruwan magani na gangarowa gadon bayansa. Da sabon irin, feshi biyu ya wadatar. Saboda yaron nan kaɗai, ba zan shiga sahun masu cewa a ƙone waken ba. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cewa yana hana haihuwa kuwa, har yau ba su zo da hujja ba.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, wato haƙƙin mai saye ya san abin da yake saye. Dokar Najeriya ta 2015, wadda ta kafa hukumar NBMA, ta tanadi a sa alama a kan irin wannan abinci. To a ina za a manna alamar? Mu ba a kanti muke sayen wake ba. Manomi ya kai buhu kasuwar ƙauye, dillali ya haɗa da na wasu, mota ta kwasa zuwa Dawanau a Kano, a juye a sake ɗinkewa. Daga nan wani ya nufi Legas, wani ya tsallake iyaka, har ya ƙare a mudun wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai. Ba wanda ya yi ƙarya a hanyar nan, amma kuma ba wanda ya sani. Malamanmu sun karantar da mu cewa ciniki kan yarda yake tsayawa, ni kuma ban ga yadda yarda za ta cika ba tare da sani ba. Ko da abu ba ya cutarwa, mutum na da damar ya ce ba ya so. A shekarar 2024 majalisar wakilai ta yi muhawara kan dakatar da irin waɗannan iri, ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey na ta suka, masana na ta mayar da martani, mafi yawansa da Turanci a Abuja. Mai noman da mai cin, su ne aka fi bari a baya.

Akwai kuma maganar hannun da ke riƙe da iri. Shi wake yana barbarar kansa, manomi na iya ajiye tsaba ya shuka baɗi. Masarar TELA da aka fitar a Janairun 2024 kuwa haɗin aure ce, kowace damina sai an koma wurin kamfani. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, ta watsar da ita a 2016, domin zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Ta iya juyawa ne saboda tsohon irinta na nan. Ranar da tsofaffin irin wakenmu, Kanannado da Ɗan'ila, suka ɓace daga rumbunanmu, su da ke ba da harawar da tumaki ke rayuwa a kai da rani, ba mu da wurin komawa.

Gona dai tana da iyaka, daji ba shi da ita. Wake ɗan asalin Afirka ne, danginsa na daji na tsirowa a gefen gonaki, suna iya yin barbara da na gida. Ba a tsirrai kaɗai maganar ta tsaya ba: a ƙauyen Bana na Burkina an saki sauro da aka sauya wa halitta a 2019, a wani shiri na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, gwamnati kuma ta dakatar da shirin a Agustan 2025. Ga mu a Gabon, ƙasar da kurmi ya rufe kusan kashi 88 cikin ɗari nata, wadda ta keɓe gandun daji 13 tun 2002. In wata rana aka zo da shawarar sakin wata halitta da aka sauya a cikin kurmin nan, ko da sunan ceton wata dabba ne, sa hannun minista bai isa ba. Sai an zauna da mutanen ƙauyukan da ke bakin dajin, da harshensu, kuma in sun ce a'a a saurara.

Kafin nan, roƙona ga IAR da NBMA shi ne su fito gidajen rediyon Kano da Katsina da Sakkwato su amsa tambayoyin manoma kai tsaye da Hausa, su kuma zauna da shugabannin kasuwar Dawanau a samo hanyar ware buhunan sabon iri da tambarinsu, tun daga gona har wurin mai awo.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.