Tsinken Maskara Ɗaya Ba Na Ido Goma Ba Ne



Wannan magana mun so ta tsaya a zauren taro, amma tunda ta riga ta fita har ana jayayya a kanta a gidajen suna, gara mu faɗi matsayinmu a nan kowa ya karanta da kansa. A watan da ya wuce an yi biki a nan Agege, amarya da ƙawayenta tara mutum ɗaya ce ta yi musu kwalliya. Kwana uku da kai amarya, huɗu daga cikin ƙawayen suka wayi gari da ido ja jawur, yana ruwa yana kwantsa, ɗaya ma sai da aka kai ta wajen likitan ido ta yi mako ba ta je makaranta ba. Ba za mu kama sunan kowa ba. Mai kwalliyar 'yarmu ce, tana cikin waɗanda ƙungiya ta biya wa kuɗin koyon sana'a, kuma adalci ne mu ce afolo na iya zagaya gidan biki ta tawul da musabaha ko da babu kwalliya. Amma da iyayenmu mata suka zaunar da ita, ta faɗi gaskiya, Allah Ya yi mata albarka: maskara ɗaya ta shafa wa duka goman, da tsinken da ya zo a cikinta.

Kafin a yi mata caa, ku ɗauko maskara ɗaya a ɗakin uwargida ku zare tsinken ku duba shi da kyau a hasken rana. Yawancinsu waya ce siririya aka lanƙwasa gida biyu, aka jera zaruruwan nailan a tsakani, sannan inji ya murɗa wayar har zaruruwan suka tashi tsaye suka kewaye ta, daga nan aka aske su zuwa siffar da ake so. Wani mai tsini ne don ya shiga lungun ido, wani a lanƙwashe don ya ɗaga gashin sama, wani kuma tsakiyarsa a tsuke kamar kalangu. Akwai na zamani da ba waya a ciki, roba ce aka zuba a mazubi ta fito da haƙora kamar na matsefi. Idan zaruruwan sun yi cunkoso, sukan taje gashin ido su rarraba shi ɗaya-ɗaya. Idan akwai tazara a tsakaninsu, sukan kwaso baƙin da yawa gashin ya yi kauri. Sai kuma abin da mutane ba sa lura da shi: a wuyan kwalbar akwai ɗan zoben roba da ke share tsinken duk lokacin da aka zaro shi. Faɗin ramin wannan zobe shi ke yanke yawan baƙin da zai fito. Shi ya sa za ka ga maskara biyu masu haɗi kusan iri ɗaya, amma aikinsu a ido ya sha bamban.

Wannan sana'a ce babba a wasu ƙasashe. A Jamus akwai wani ƙaramin gari, Bechhofen, da ya yi suna a ƙera buroshi, kuma kamfanin Geka da ke can yana yi wa manyan kamfanonin kwalliya tsinken maskara. A Japan garin Kumano da ke yankin Hiroshima an san shi da buroshin hoda da na rubutu. Mutane ne suka zauna suka auna tsawon zare da kaurinsa da taurinsa. Amma duk wannan lissafi an yi shi ne a kan abu ɗaya: mace ɗaya, kwalba ɗaya. Tsinken ya taɓa ido, ya koma kwalba, a rufe, gobe a sake. Duk abin da ya kwaso a gashin ido, zoben nan zai share shi ya zube ciki, cikin duhu da danshi. Ga mai ita, ƙwayoyin jikinta ne suke komawa gare ta, kuma akwai maganin hana lalacewa a cikin haɗin da zai riƙe na ɗan lokaci. Idan kuwa ido goma ne, to kwalbar ta zama tasha.

Da can ma ba haka take ba. Lokacin da Maybelline ta fito da tata a Amurka a 1917, dunƙule ce busasshiya kamar sabulu, da ɗan buroshi a gefe, sai an jiƙa a goga, har mata da yawa da yawu suke jiƙawa. Sai wajen ƙarshen shekarun 1950 ne Helena Rubinstein ta kawo mai ruwa a cikin kwalba da tsinken ƙarfe mai zara-zara, daga baya buroshin waya ya maye gurbinsa. Sauƙi ya zo, amma ya zo da sharaɗinsa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana gargaɗin kada a yi aron kayan kwalliyar ido, kada a ƙara wa maskara ruwa ko yawu idan ta bushe, kada a shafa ta a cikin mota tana tafiya, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a jefar da ita bayan wata uku da buɗewa. To wannan a ƙasar sanyi ke nan. Mu da muke Legas, inda ko takalmi ka ajiye a lungu da damina sai ya yi hunhuna, ba mu da dalilin ƙara wa'adi.

Kuma jan ido shi ne mai sauƙin. Tsinken nan bakinsa waya ce. Idan hannu ya goce ya karci saman ƙwayar ido, kuma tsinken na ɗauke da ƙwayar cuta irin wadda likitoci ke kira Pseudomonas, gyambo na iya buɗewa a baƙin ido cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ya bar tabon da zai rage gani har abada. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa ƙawaye kwalliya ranar dina, mota na jira a waje ango na ta bugo waya, ya san hannu na iya gocewa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: duk mai yi wa mutane kwalliya don a biya ta, kada ta taɓa idon kowa da tsinken da ya zo a kwalba. Akwai tsinkaye na yarwa da ake sayarwa hamsin-hamsin a leda, duk mai zuwa sari Trade Fair ko Balogun ta san su. A tsoma sau ɗaya, a shafa, a jefar. Idan ana son ƙari a ɗauki sabo. Ƙwararru ma yanke tsinken asalin suke yi tun ranar da suka buɗe kwalba don kada gaggawa ta ja su. Amaryar da take da hali ta zo da maskararta. Wadda idonta ke ciwo kuma a ba ta haƙuri a tsallake idon, ko da ita ce babbar ƙawa.

Mun ji abin da ake cewa. Wasu sun ce tsada. Idan aka raba kuɗin leda ɗaya gida hamsin, tsinke ɗaya bai kai kuɗin kwalbar lemo ba, kuma mun ga bikin da aka yi asarar lemo katan-katan. Wasu sun ce jefar da tsinke a gaban mutum nuna ƙyama ne. Wanzami ma yana sauya reza a gabanka, kuma yau in bai sauya ba kai ne za ka tashi daga tabarmarsa.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta wata dattijuwa daga cikin iyayenmu, wadda ta ce su tandun kwalli ɗaya suka tashi suna amfani da shi gida guda, da tsinke ɗaya, ba su makance ba. Muna girmama Hajiya, kuma akwai gaskiya a zancenta. Kwalli gari ne busasshe, tsinkensa sumul yake, ana goge shi da gefen zane ya fita. Maskara ruwa ce, tsinkenta kuma zaruruwa ne ɗaruruwa da babu zanen da zai shiga tsakaninsu. Duk da haka ciwon ido ya sha zagaya gidaje a wancan zamanin, sai dai a ce iska ce. Kuma tunda an tabo kwalli, dole mu faɗi abin da ba a son ji: kwallin dutse mai ƙyalli yawanci dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Babba ya san abin da zai yi da idonsa, amma a daina ranbaɗa wa jarirai.

Sai mu maza. Mu ne za mu biya kuɗin zaure da na mai hoto ba tare da tari ba, amma idan aka zo kan mai kwalliya sai mu tsaya ciniki kamar ana sayen albasa a Mile 12. Yarinyar da aka matse wa farashi har ta rasa riba, a ina za ta rage? A tsinke da sabulun wanke buroshi za ta rage, ko ta sayi maskara marar lambar NAFDAC don ta fi araha. Rabin laifin namu ne.

Saboda haka a zama mai zuwa za mu gabatar wa shugabanni cewa duk wadda ƙungiya za ta tallafa wa a wannan sana'a, a haɗa mata da ledar tsinkaye biyu a kayan farawa, kuma a gayyato ma'aikaciyar jinya daga cikin 'ya'yanmu ta zauna da su na awa ɗaya. 'Yarmu da abin ya faru a hannunta ita ce ta fara cewa a sa sunanta. Masu ganin ba haka ba, fili na nan a ƙasa, a rubuta da ladabi, za mu tattara mu karanta a zauren.

Sakataren ƙungiya