Tausayi: Daga "Kaico" Zuwa Tukunyar Unguwa

Ɗalibai kan ɗauki tausayi, jinƙai da jaje a matsayin kalmomi masu ma'ana ɗaya, alhali kowace da gurbinta. Tausayi motsin zuciya ne idan mutum ya ga wani cikin wahala. Jaje furuci ne ga wanda ya yi asara ko tsautsayi ya faɗa masa, kamar yadda ta'aziyya ta keɓanta da mutuwa. Jinƙai kuwa shi ne tausayin da ya kai ga miƙa hannu.

Akwai mataki na huɗu, wanda Bahaushe ya fi bayyana shi da karin magana: abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. Ido ba daga nesa yake kallon hanci ba. Fuska ɗaya suke. Jin ciwon wani ke nan.

A ganina, unguwar Alshajara da ke kudancin Khartum, a gaɓar Farin Nilu, ta isa misali. Bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023, unguwar ta zama fagen fama, saboda a nan barikin tankokin yaƙi yake. A wannan yanayi ne matasan Khartum da Omdurman suka kafa ɗakunan agajin gaggawa, aka girka manyan tukwane a wuraren da suke kira takaya, kowa ya zo da ƙwaryarsa. Masu girkin ba baƙi ba ne. Yunwa ɗaya ke cinsu da masu karɓa. Tushen abin shi ne al'adar nafir, wato gayyarmu ta Hausawa.

Wani zai ce ai ƙungiyoyin waje sun fi ƙarfin aljihu. Gaskiya ne, kuma ba a raina gudummawarsu. Sai dai mai tausayi daga nesa yakan ba da abin da yake zaton ana buƙata, mai jin ciwon kuwa ya san gidan da tsohuwa ke kwance, da magidancin da kunya ta hana shi fitowa layi.

Mu ma ba bare ba ne. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 danginmu suka kafa Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Idan muka ji labarin Sudan muka tsaya a "kaico", to mun san kalmar tausayi, amma ma'anarta ta wuce mu.