Gyaran Ƙarfen Matakala Yana Cikin Shirin Haihuwa

'Yar'uwa mai juna biyu, a wajen awo mukan tambaye ki ko kin tanadi zannuwa, sabulu da kuɗin mota. Yau ga wata tambayar: ƙarfen da kike dafawa in za ki hau bene ko ki sauko shanya, yaushe rabon da a duba shi?

A ganina, gyaran wannan ƙarfe ya fi sayen gadon jariri gaggawa. Idan ciki ya tsufa, nauyinki yakan rinjaya gaba, gaɓoɓi su saki, ga jiri, kuma ba kya ganin inda kike sa ƙafa. A lokacin ne za ki jingina da ƙarfen da dukkan nauyinki. Faɗuwa na iya sa mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, jini ya ɓalle, ko naƙuda ta taso lokaci bai yi ba.

Maigida, wannan aikinka ne. Girgiza ƙarfen da ƙarfi, ka duba gindinsa inda ya shiga siminti, domin nan ruwa ke kwanciya, nan tsatsa ke fara ci. In tsatsar a sama take, a kankare ta da burushin ƙarfe, a goge ƙurar, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, in ya bushe a bi shi da fentin mai sau 2. In ƙarfen ya huje ko yana lilo, fenti ɓoye ciwo kawai zai yi, sai a kira mai walda. A yi aikin da rani, kafin damina. Kada tazarar sandunan ta wuce santimita 10, saboda kan yaro in ya fara rarrafe. Ke kuma ki nisanci wurin har a gama, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma, mai cutar da ɗan tayi.

Wani zai ce gidan haya ne, mai gidan ya gyara. Gaskiya ne, a yi masa magana. Amma ciki ba ya jira. In ya ja ƙafa, ku haɗa kuɗi da maƙwabta.

In ƙarfe ya yanke ki, wanke wurin da ruwa da sabulu, ki zo a duba katin rigakafinki na tetanus. Ba tsatsa ke kawo cutar ba, ƙwayoyin cuta ne da ke cikin ƙasa da datti. In kuwa kin faɗi, ki zo asibiti a ranar ko ba ki ga jini ba, domin yakan taru a ciki.

Allah ya raba lafiya.